Sa Peter Freyer: Ma'aikacin Gwamnatin Da Sunansa Ya Manne Wa Tiyatar Furostet

A asibitocin gwamnati na Abuja, daga Babban Asibitin Karu har zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, akwai wani rukunin marasa lafiya da ba su cika surutu a kan layi ba. Dattawa ne, da yawansu 'yan fansho, waɗanda suka zo a canza musu robar fitsari. Babbar riga takan rufe jakar da ke ɗaure a cinya, amma ba ta rufe damuwar da ke fuskar mai ita. Mutum ne da wataƙila ya yi shekara 35 yana sa hannu a takardun ma'aikata, yau kuma tsarkin sallarsa ma sai ya tambayi malami yadda zai yi da shi.

Idan magani ya gaza, likita ya yanke shawarar a yi aiki, akwai yiwuwar a rubuta sunan wani Bature a fayil ɗin dattijon, wato Freyer. Sunan wata hanya ce ta cire kumburin furostet ta cikin mafitsara, wadda likitocin fiɗa a Najeriya suke koyo kuma suke yi har gobe. Mai sunan ya rasu tun 1921. Ma'aikacin gwamnati ne da ya yi rigima da shugabanninsa a kan kyauta, ya kuma yi rigima da abokan sana'arsa a kan wanda ya fara ƙirƙiro aikin. A rigima ta biyu tarihi bai ba shi gaskiya ba, amma duk da haka sunansa ne ya zauna. Dalilin zaman sunan shi ne abin dubawa a rayuwarsa.

Ciwon da ake ɓoyewa

Furostet wata 'yar tsoka ce mai girman goro, nauyinta kimanin giram 20, tana zaune a ƙarƙashin mafitsarar namiji. Hanyar fitsari ta tsakiyarta take ratsawa. Aikinta shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Idan shekaru suka ja, sashenta na ciki yakan yi ta girma a hankali har ya matse hanyar. Kimanin rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, ko da yake ba duka yake damu ba. Kumburin ba sankara ba ne, kuma ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Ɓarnarsa ta toshiya ce: fitsari ya riƙa fita da ƙyar, mutum ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya gama amma ya ji da saura, har wata rana ya tsaya cak. Fitsarin da ya kwanta a mafitsara yakan jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, idan kuma ya yi ta komawa sama sai ƙoda ta lalace.

A ƙarni na 19, dattijon da ya kai wannan mataki a Turai ba shi da zaɓi mai daɗi. Akan ba shi bututun azurfa ko na roba ya riƙa zura wa kansa sau da yawa a rana. Tsabtar bututun ba ta da tabbas, don haka zazzaɓi da ciwon ƙoda sukan ƙarasa shi cikin 'yan shekaru. Likitoci sun gwada hanyoyi iri-iri. Enrico Bottini na Italiya ya riƙa ƙona wurin toshiyar da ƙarfe mai zafin lantarki. A 1893 wani likitan Amurka, J. William White, ya kawo shawarar a riƙa yi wa dattawa dandaƙa domin furostet ta motse, aka kuwa yi wa mutane da dama kafin a watsar da abin. William Belfield a Chicago da Arthur McGill a birnin Leeds na Ingila sun buɗe mafitsara wajen 1887, suka yanke ɓangaren da ya turo ciki, amma mace-mace sun yi yawa, waɗanda suka rayu kuma ba duka fitsarinsu ya saki ba. A wannan hali duniya take sa'ad da Freyer yake can Indiya yana aikin gwamnati.

Ɗan ƙauye daga yammacin Ailan

An haifi Peter Johnston Freyer a watan Yulin 1851 a Selerna, wani ƙauye kusa da garin Clifden a gundumar Galway, gaɓar yammacin Ailan. Ƙasa ce ta duwatsu da iska da talauci, kuma an haife shi ne a daidai ƙarshen babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan zuwa ƙasashen waje. Mahaifinsa, Samuel Freyer, ƙaramin manomi ne. Peter ne ɗan fari.

Ga yaro irinsa, ƙofa ɗaya ce a buɗe, ita ce jarrabawa. Ya yi makarantar Erasmus Smith a birnin Galway, ya sami tallafin karatu zuwa Kwalejin Sarauniya da ke garin. A 1872 ya kammala digirin farko da daraja ta ɗaya da lambar zinariya. Shekara biyu bayan haka, a 1874, ya fita da digirin likita da na fiɗa, nan ma da lambar zinariya. Ya koyi aikin hannu a Asibitin Steevens da ke Dublin, ya kuma ɗan zauna a Paris, wadda a lokacin ita ce cibiyar masu ilimin cututtukan mafitsara.

Kafa asibitin kai a Dublin ko Landan yana buƙatar dukiya da sanayya, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Sai ya zauna jarrabawar shiga Hukumar Likitocin Indiya, wadda ke ɗaukar ma'aikata bisa gasa. Ya zo na ɗaya. A 1875, yana ɗan shekara 24, ya zama ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka.

Shekara ashirin a Indiya

Aikin likitan gunduma a Indiya ta wancan zamani ya haɗa komai: duba asibitin gwamnati, da gidan yari, da rigakafin annoba, da rubuta rahoto. An yi ta sauya wa Freyer wurin aiki a arewacin ƙasar, yankin da ake kira Uttar Pradesh a yau. Ya zauna a Azamgarh, da Moradabad, da Bareilly, da Allahabad, da Banaras. Duk ma'aikacin tarayya da ya taɓa karɓar takardar sauyin wuri ba shiri ya san irin wannan rayuwa.

Abin da yankin ya ba shi, wanda Landan ba za ta iya ba shi ba, shi ne yawan marasa lafiya. Tsakuwar mafitsara ta yi katutu a arewacin Indiya, ga manya ga yara. Tsohuwar hanyar cire ta ita ce a tsaga mutum, abin da ke da haɗari matuƙa. A 1878 Henry Bigelow na birnin Boston ya bayyana wata dabara: a zura wani ƙarfe mai baki kamar na awartaki ta hanyar fitsari, a kama tsakuwar a farfasa ta, sannan a zuƙe ɓarɓashin duka a zama ɗaya, ba tare da an yanka fata ba. Freyer ya rungumi dabarar, ya yi wa ɗaruruwan mutane, ya rubuta sakamakon kowane ɗaya. A 1886 ya wallafa littafi a kanta.

Abu biyu ya kwaso daga waɗannan shekaru. Na farko, yatsunsa sun san cikin mafitsara kamar yadda makaho ya san lungunan gidansa. Na biyu, ya saba da ƙidaya: mutum nawa aka yi wa aiki, nawa suka warke, nawa suka mutu, me ya kashe su. Aikin gwamnati ne ya ɗora shi a kan wannan al'ada ta rubuta rahoto, kuma ita ce daga baya ta zama makaminsa.

Kyautar Sarkin Rampur

Kusa da Moradabad akwai masarautar Rampur, ƙasar Musulmi da ke da sarkinta mai laƙabin Nawab, a ƙarƙashin inuwar Turawa, kwatankwacin yadda masarautun Arewacin Najeriya suka kasance daga baya. Sa'ad da sarkin ya kwanta ciwo, aka kira Freyer, ya yi ta jinyarsa. A 1888 fadar ta saka masa da kuɗin Indiya rufi 100,000, abin da ya kai wajen fam 6,600 na Ingila. A wancan zamani wannan dukiya ce da za ta sauya rayuwar mutum ɗungurungum.

Hukuma ba ta ji daɗi ba. A ganinta, jami'in da ke cin albashin gwamnati bai kamata ya karɓi irin wannan kuɗi daga hannun sarkin da gwamnatin ke sa wa ido ba, domin hakan na iya zama hanyar sayen ma'aikata. Ta nemi ya mayar. Shi kuwa Freyer ya tsaya a kan cewa ladan aikinsa ne, likitocin hukumar suna da izinin duba marasa lafiya na kansu, kuma babu dokar da ya karya. Takardu suka yi ta kai da komo. A ƙarshe kuɗin suka zauna a hannunsa, amma tsakaninsa da shugabanninsa ta yi tsami. Duk da haka ƙwarewarsa ta sa ba a iya ture shi gefe ba, don a 1894 shi aka tura ya wakilci gwamnatin Indiya a babban taron likitocin duniya da aka yi a birnin Rum.

Da a Najeriyar yau ne, da maganar ba ta yi tsawo haka ba. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati nema ko karɓar dukiya ko wata alfarma saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, in ban da kyautar 'yan'uwa da abokai ta gwargwadon al'ada. Hujjar Freyer ita ce aikin na bayan fage ne, ba na ofis ba. Amma matsayinsa na likitan gwamnati ne ya kai shi fadar tun farko, kuma wannan shi ne ƙullin da har yau yake wahalar kwancewa ga duk ma'aikacin da ke da sana'ar hannu. Abin da ba a musu shi ne, kuɗin Rampur ne suka ba ɗan manomin Galway jarin da bai gada ba. A 1896 ya ajiye aiki da muƙamin laftanar-kanar, ya nufi Landan.

Yatsa ɗaya a cikin mafitsara

Ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a titin Harley, unguwar manyan likitocin Landan. A 1897 aka ɗauke shi aiki a Asibitin St Peter's, wanda aka kafa musamman domin masu tsakuwa da sauran cututtukan fitsari. Yana da shekara 46, baƙo ne a garin, kuma manyan likitocin Landan suna yi wa waɗanda suka dawo daga Indiya kallon 'yan ƙauye.

A ƙarshen shekarar 1900 aka kawo masa wani dattijo mai sana'ar ƙera kejin tsuntsaye, wanda ya daɗe yana rayuwa da bututu. A kansa Freyer ya fara aikin da ya ɗauki sunansa. Ga yadda yake yi. Bayan an sa mara lafiya barci, sai a cika mafitsara da ruwa domin ta taso. A tsaga mara kaɗan a saman ƙashin gaba, a buɗe mafitsara. Likita ya zura manuniyarsa ciki har ta kai bakin hanyar fitsari, inda kumburin ya turo. Da ɗayan hannun kuma ya sa yatsa ta dubura ya tura furostet sama. Sai ya keta fatar da ke rufe da kumburin da farce, ya bi layin da ke tsakanin kumburin da ɓawonsa, ya zagaye shi, ya ɓamɓaro shi gaba ɗaya kamar yadda ake fitar da ƙwayar gyaɗa daga kwanso. Ido ba ya ganin komai, yatsa ne kaɗai jagora. A hannun Freyer ɓamɓarowar takan ɗauki 'yan mintoci. Daga nan sai a bar babban bututu a cikin raunin domin fitsari da jini su riƙa fita, a riƙa wanke mafitsara, raunin ya rufe da kansa cikin makonni.

Saurin yana da dalili. A lokacin babu ƙarin jini irin na yau, domin a 1901 ne ma Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini. Babu penisilin, wanda sai a shekarun 1940 ya shiga hannun likitoci. Maganin barcin da ake shaƙa wa mutum yana iya kashe tsoho idan aka daɗe. Duk mintin da aka rage, an ƙara wa dattijo damar tashi.

Mai kejin tsuntsayen ya warke, ya koma yin fitsari da kansa. A watan Yulin 1901 Freyer ya buga labarin mutum huɗu na farko a mujallar Ƙungiyar Likitocin Birtaniya, ya gabatar da aikin a matsayin sabon abu, ya kuma ce yana cire furostet ɗin baki ɗaya.

Wa ya riga wa?

Nan take wasiƙun martani suka fara zuwa. Likitocin Leeds suka ce marigayi McGill, wanda ya rasu a 1890, ya riga shi da fiye da shekara goma. Daga Amurka kuma Eugene Fuller na New York ya nuna cewa tun 1895 ya wallafa labarin mutum shida da ya ɓamɓare wa kumburin da yatsa ta cikin mafitsara, duka suka rayu. Fuller ya ƙara da cewa abokin aikinsa Ramon Guiteras ya biya ta Landan a 1900, ya kuma bayyana wa Freyer hanyar, har da dabarar sa yatsa ta dubura. Freyer bai taɓa amincewa da cewa ya ari aikin daga wani ba.

Masana tsarin jiki ma suka kama shi da kuskure. Da suka duba naman da ake cirowa, sai suka tabbatar ba furostet duka ake fitarwa ba. Sashen ciki da ya kumbura ne kawai yake fita, na waje kuwa, wanda kumburin ya danne ya zama kamar ɓawo, yana nan a jiki. Wannan gyara yana da amfani ga mara lafiya har yau. Sankarar furostet ta fi tsirowa a wannan sashe na waje, saboda haka wanda aka yi wa aikin kumburi bai tsira daga sankara ba, kuma bai kamata ya daina zuwa a duba shi ba.

Yawancin masu rubuta tarihin likitanci sun ba Fuller fifikon farawa. Freyer mutum ne mai son a san da shi, mai kaifin alƙalami, wanda ba ya ja da baya a gardama, kuma rowar yabon da ya yi wa waɗanda suka gabace shi tabo ce a tarihinsa.

Abin da ya ba shi suna

Amma akwai abin da ya yi wanda sauran ba su yi ba. McGill ya mutu da wuri. Rahoton Fuller bai sauya al'adar asibitoci ba. Freyer kuwa ya yi ta aikin ba ƙaƙƙautawa, yana buga sakamako kashi bayan kashi, da shekarun kowane mara lafiya, da nauyin abin da aka ciro, da waɗanda suka mutu. Ya buɗe ɗakin tiyatarsa ga baƙi, likitoci daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa kallo, gani kuwa ya kori ji. A 1912 ya wallafa rahoton mutum 1,000. Zuwa 1920 adadin ya haura 1,600, waɗanda suka mutu kuma kimanin 5 ne cikin 100, alhali da yawansu tsofaffi ne tukuf da suka zo da ƙoda a raunane. A ma'aunin yau wannan adadi ya yi yawa. A ma'aunin zamaninsa, idan aka kwatanta da ƙarshen mai rayuwa da bututu, babban sauƙi ne.

Da waɗannan alƙaluma ne likitan ƙaramin gari ya sami ƙarfin halin gwada aikin, mara lafiya kuma ya sami dalilin yarda ya kwanta. Aikin da ake tsoro ya zama na yau da kullum. Ƙirƙira ta wasu ce, amma tabbatarwa tasa ce, kuma al'adar ajiye lissafi da ya koya a ofisoshin gundumomin Indiya ce ta yi masa wannan rana.

Matarsa Isabella ta rasu a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Yana da shekara 63 ya koma bakin aikin soja a matsayin likita mai ba da shawara, ciki har da asibitocin da aka buɗe a garin Brighton domin sojojin Indiya da suka ji rauni a Faransa. A 1917 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma da ta sa ake kiransa Sa Peter. A 1919 Jami'ar Ƙasa ta Ailan ta ba shi digirin girmamawa. A 1920, da aka kafa sashen masana cututtukan fitsari a Ƙungiyar Likitanci ta Masarauta a Landan, shi aka zaɓa shugaba na farko. Ya rasu ranar 9 ga Satumba, 1921, yana da shekara 70. Aka mayar da gawarsa Clifden, kusa da ƙauyen da ya fito. Jami'ar Galway tana shirya taron likitocin fiɗa da sunansa duk shekara.

Daga Landan zuwa Karu

Waɗanda suka biyo baya sun gyara aikin. Babbar matsalarsa ita ce zubar jini daga ramin da kumburin ya bari. Harry Harris na birnin Sydney a Ostireliya ya koyar da a riƙa ɗinke jijiyoyin ana gani da ido, a kuma rufe mafitsara. A 1945 wani ɗan Ailan ɗin kuma, Terence Millin, ya bayyana hanyar isa ga furostet ta bayan ƙashin gaba ba tare da an buɗe mafitsara ba. A Amurka, Hugh Young na Asibitin Johns Hopkins ya riƙa bi ta ƙasa, tsakanin maraina da dubura.

Sauyi mafi girma ya zo ne daga na'ura. A 1926 Maximilian Stern ya ƙera wani bututu mai madubi da zaren lantarki, Joseph McCarthy ya inganta shi a farkon shekarun 1930. Da shi ake shiga ta hanyar fitsari a riƙa feƙe kumburin sala-sala, ba tare da yanka fata ba. Likitoci suna kiran wannan aiki TURP, kuma shi ne ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi ga furostet mai matsakaicin girma, wato wadda ba ta wuce giram 80 ba. Mara lafiya yakan kwana biyu ko uku ya koma gida. A ƙarshen shekarun 1990 Peter Gilling da Mark Fraundorfer a ƙasar Niyu Zilan suka fito da hanyar ɓamɓare kumburin da hasken leza ta cikin bututu. Layin da hasken yake bi shi ne dai wanda yatsan Freyer ya bi. Akwai kuma magunguna irin su tamsulosin, mai sassauta bakin mafitsara, da finasteride, mai rage girman furostet a hankali, waɗanda suka sa mutane da yawa ba sa kaiwa ga wuƙa.

Duk da haka tsohon aikin bai mutu ba, kuma a Najeriya yana da dalilai biyu na rayuwa. Na farko, aikin na'ura yana buƙatar kayan da ake sayowa da kuɗin waje, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙwararren da ya sami horo na musamman. Ana samun waɗannan a manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu, da cibiyoyi irin su Asibitin Abubakar Imam na masu ciwon mafitsara a Kano da cibiyar mafitsara da ƙoda ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, amma ba su kai ko'ina ba. Aikin Freyer kuwa babban asibiti mai likitan fiɗa, da allurar baya, da jini a ajiye zai iya yin sa. Na biyu, mutanenmu sukan zo a makare, bayan furostet ta yi girman da ya wuce na feƙewa, wani lokaci har da tsakuwa a mafitsara. A irin wannan hali, inda babu leza, buɗewar ita ce daidai, domin a aiki ɗaya ake cire kumburin da tsakuwar.

Kowace hanya tana da farashinta a jiki. Buɗe mara yana nufin ƙarin zubar jini, da ƙarin kwanaki a gado da roba. Bayan kusan kowane irin aiki, maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, abin da ba ya cutarwa amma yana iya hana haihuwa, don haka mai sauran burin samun 'ya'ya ya faɗa wa likita tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ba kuma duk mai kumburi ne ake yi wa aiki ba. Akan kai ga haka ne idan fitsari ya tsaya fiye da sau ɗaya, ko ƙwayoyin cuta suka yi ta dawowa, ko jini, ko tsakuwa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, ko magani ya kasa.

Shekarun da alamun ciwon suke fara bayyana su ne shekarun da ma'aikacin tarayya yake shirin ajiye aiki, tun da doka ta yanke shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Wanda ya fara tashi sau da yawa cikin dare yana da shekara 55, gara ya je a duba shi yana kan albashi, ya kuma bincika abin da inshorar lafiyarsa ta ƙunsa kafin takardar ritaya ta iso. Binciken farko bai wuce tambayoyi ba, da duba furostet da yatsa, da gwajin jini da na fitsari, da hoton mara. Kunya ce take hana da yawa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kuma maganar aiki ta taso, mara lafiya yana da haƙƙin ya tambayi girman furostet ɗinsa, da hanyoyin da asibitin yake iya yi, da sau nawa likitan ya yi irinsa, da yadda waɗanda aka yi wa suka ƙare. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce Freyer ya kwashe shekara ashirin yana amsawa a rubuce, tun kafin marasa lafiya su san suna da ikon yin ta.